Yaya ake gane tseren mota zai yi wa direba wuya tun kafin a tashi?

Ɗan Gwammaja:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar tseren mota da gaske. A gidan kallon unguwarmu, ranar Lahadin da babu ƙwallo da rana akan saka mana Formula 1, kuma ba a tashi sai an yi musu. Wani ya ce tseren Monako ya fi kowanne wuya saboda hanyar matsattsiya ce. Wani ya ce ai a Monako ba a gudu, Monza ce mai wuya tunda a can mota ke wuce kilomita 340 a awa. Wani kuma ya ce duk wasan yara ne in aka gwada da Dakar. Kowa da baki yake yanke hukunci, babu mai kawo lissafi.

Abin da nake nema shi ne, in an ba ni sunan fili da ranar tsere, me zan duba in iya cewa wannan zai jigata direba, wannan kuwa da sauƙi? Kuma me ya sa wani lokaci direba ke fitowa daga mota garau yana dariya, wani lokaci kuma sai an riƙe shi, alhali nisan da suka yi kusan ɗaya ne? Masana, a taimaka da bayani dalla-dalla.

Malam Injiniya:

Wa alaikumus salam. Ɗan Gwammaja, musunku ba zai ƙare ba domin kowannenku abu daban yake aunawa. Akwai tseren da ke cinye ƙarfin jiki, akwai wanda ke cinye natsuwa, akwai kuma wanda kuskure ɗaya tak ke mayar da mutum gida. Yawan gudu ba shi ne ma'auni ba. Mota a miƙe tana kilomita 340, a nan ne ma direba ke samun sararin numfashi.

Ka fara da lokaci, ba nisa ba. A Formula 1 doka ta ce tsere ya wuce kilomita 305 da kaɗan, in ban da Monako da ake yin wajen 260. Nisa kusan ɗaya ne ko'ina, abin da ya bambanta shi ne tsawon zaman direba a cikin mota. Monza ta Italiya zagaye 53 ce, kowanne kilomita 5.793, ana gamawa a cikin awa ɗaya da kwata. Singafo zagaye 62 ce, tana cin awa ɗaya da minti 40 ko fiye, kuma kafin a rage mata kwana a 2023 takan kai bakin awa biyu, iyakar abin da doka ta yarda. Rabin awa a cikin wannan mota ba ƙaramin abu ba ne.

Sai ka ɗauki yawan kwanar da ke zagaye ɗaya ka ninka da yawan zagaye. Monza kwana 11, sau 53, ya ba ka 583. Suzuka ta Japan 18 sau 53, 954 ke nan. Singafo 19 sau 62, 1,178. Monako 19 sau 78, 1,482. Wannan shi ne adadin lokutan da direba zai taka birki ko ya sassauta totur, ya sauke giya, ya karya sitiyari, ya sake bayar da wuta, kuma kowanne sai ya zo daidai. Da ka ga wannan lissafi ka san mai cewa Monza ta fi wuya saboda gudu bai duba da kyau ba.

Abin da ya fi wannan amfani shi ne ka raba lokacin zagaye da yawan kwana. A Monako zagaye na cin minti ɗaya da daƙiƙa 15 ko kusa da haka a ranar tsere, wato ƙasa da daƙiƙa 4 tsakanin wannan kwana da waccan. A Monza ya haura daƙiƙa 7, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na zagayen ƙafa na kan totur har ƙasa. A miƙaƙƙiyar hanya ne direba ke sassauta yatsunsa, ya zuƙi ruwa, ya yi magana da injiniyansa ta rediyo, ya murɗa maɓallan sitiyari. Filin da ba shi da doguwar miƙa ya hana shi duk wannan.

Amma kada ka ƙirga kwana kamar duk iri ɗaya ce. Jidda tana da 27, ta fi kowa, sai dai da yawansu ba a ɗaga ƙafa a cikinsu. Wuyarta daban ce: matsakaicin gudu a zagayen neman gurbi, wato wanda ke tantance layin da kowa zai tashi a ranar tsere, wajen kilomita 250 ne a awa, katanga hagu da dama, kuma direba ba ya ganin abin da ke bayan kwanar sai ya shiga. In wata mota ta tsaya a can, tutar gargaɗi da rediyo kaɗai za su cece shi. Suzuka kuwa, a farkon zagayenta akwai jerin kwana hagu, dama, hagu, dama a haɗe. In ka shiga ta farko da faɗi, ka lalata ta biyu, ta biyu ta lalata ta uku. Irin wannan jeri ya fi kwana biyar warwatse wuya nesa ba kusa ba.

Daga nan ka duba abin da ke gefen hanya, domin shi ke faɗa maka kuɗin kuskure. Iri uku ne. In shimfiɗar kwalta ce, direba ya fita ya dawo, asararsa daƙiƙa ɗaya ko biyu. In tsakuwa ce, mota na iya kafewa, ko ta fito da ƙasanta a karce. In katanga ce, magana ta ƙare. Ayrton Senna a 1988 yana kan gaba a Monako da ratar da ta kusa minti ɗaya, saura zagaye kaɗan, hankalinsa ya ɗan kauce ya daki katanga. George Russell a Singafo a 2023 yana na uku, a zagayen ƙarshe ya goga katanga da taya ya zarce cikin shinge. Ka lura da lokacin da abubuwan biyu suka faru. Duk a ƙarshen tsere ne, lokacin da natsuwa ta fara ƙarewa.

Game da Monako, mai cewa tana da wuya da mai cewa ba a gudu duk suna da gaskiya, ranakun ne suka bambanta. Tunda wuce mota a can kusan ba ya yiwuwa, wanda ke gaba yana iya rage gudu ya lallaɓa tayarsa, sauran su jeru a bayansa. A 2024 mutum goman farko sun ƙare a daidai jerin da suka tashi. Azabar Monako ranar Asabar take, a zagayen neman gurbi, inda sai ka shafi katanga da gefen taya kafin ka samu layin gaba. Saboda haka duk filin da za ka auna, ka auna Asabar daban, Lahadi daban.

Ƙaramin abu na ƙarshe: yawancin filaye ana zagaya su ta hannun agogo. Interlagos ta Birazil da Austin ta Amurka da Singafo akasin haka suke, nauyin sai ya koma ɗaya gefen wuyan direba.

Likitar 'Yan Wasa:

Malam Injiniya ya auna hanya da kyau, amma lissafinsa ba zai nuna maka Katar ta 2023 ba, kuma ita ce tseren da ya fi jigata direbobi a 'yan shekarun nan. Filin Lusail kwana 16 kacal gare shi, gefensa a buɗe, babu katangar kusa. A takarda, mai sauƙi ne. Amma a wannan dare na Oktoba Logan Sargeant ya ajiye mota don jikinsa ya gaza, Esteban Ocon ya yi amai a cikin hular kwanonsa yana tuƙi, Lance Stroll ya ce ganinsa na dushewa a cikin kwana. Ƙanena, wannan shi ne amsar tambayarka ta biyu.

Abu uku ne suka haɗu. Zafi ya haura digiri 30 duk da dare ne, iska cike da danshi, kwanonin filin kuma masu gudu ne, suna matse jiki ba ƙaƙƙautawa. Sai na huɗu ya zo ya ƙarasa: saboda an ga tayoyi na tsagewa a ciki, aka hana kowa wuce zagaye 18 da taya ɗaya. Ma'ana tsayawa uku dole a cikin zagaye 57. A tseren yau da kullum direba na lallaɓa taya, wannan lallaɓawar kuma hutu ce ga jikinsa. A ranar babu abin lallaɓawa, kowane zagaye da iyakar ƙarfi aka yi shi.

Don haka kada ka tsaya a lambar digiri, ka duba danshi. Mu a Kano mun san bambancin. Zafin Afrilu na wuce digiri 40, amma gumi na bushewa nan take, jiki na samun sanyi muddin kana shan ruwa. A Agusta bayan an ɗauke ruwa, digiri 30 ne kawai, amma riga na manne wa jiki, gumin ba ya tafiya ko'ina. Gumi ba ya sanyaya jiki sai ya bushe. To Singafo da Katar irin na Agusta ne, ga kuma direba sanye da kayan kariyar wuta ninki kan ninki, da safar hannu, da hular da ke rufe fuska, da hular kwano a sama, injin na bayansa, zafin cikin kujera na iya kaiwa digiri 50.

A irin wannan tsere direba na rasa kilo 2 zuwa 3 na ruwan jiki. Abin da ke cikin jakar ruwan motar bai fi lita ɗaya da rabi ba, shi ma kafin rabin tsere ya yi ɗumi. Mutum mai kilo 70 in ya rasa kilo ɗaya da rabi ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, daga nan kuma natsuwa da saurin yanke shawara ke fara raguwa. Jini na raguwa, zuciya na ƙara bugu don ta cike gurbi, alhali dama tana tsakanin 160 da 180 a minti. Alamar da za ka gani a talabijin ita ce direba ya fara kulle taya a wurin birkin da ya yi zagaye arba'in yana takawa daidai.

Sai maganar wuya da ƙafa. A birki mai ƙarfi da kwana mai gudu, nauyin jiki na ninkuwa har sau biyar. Kai da hular kwano wajen kilo 6 zuwa 7 ne, sau biyar ya haura kilo 30, wuya ke riƙe shi. Jiki a ɗaure yake da bel, kai ne ba a ɗaure ba. Birkin kuma ba shi da na'urar taimako irin ta motar gida, ƙafar hagu ke danna fiye da kilo 100 a manyan wuraren tsayawa. Abin lura ba girman nauyin ba ne kawai, har da tsawon lokacin da yake ɗauka. Birki na daƙiƙa biyu ya wuce. Doguwar kwana mai gudu na riƙe mutum daƙiƙa huɗu ko biyar, a ciki ba ya iya numfashi sosai domin ya ɗaure tsokar ciki. Shi ya sa Silverstone ta Ingila da Suzuka da Lusail suka fi Monako cin jiki, duk da Monako ta fi su yawan kwana.

Bayan abin da ya faru a Katar, hukumar FIA mai kula da tseren motoci ta kafa doka: in hasashe ya nuna ma'aunin zafi haɗe da danshi zai wuce digiri 31, ana shelar haɗarin zafi, a sa wa motoci na'urar sanyaya direba, riga ce mai siraran bututu da ruwan sanyi ke zagayawa a ciki. An fara shelar a Singafo a 2025. Tseren Katar kuma aka mayar da shi ƙarshen shekara. In ka ji an yi wannan shela ranar Alhamis, ka samu rabin amsarka.

Kuma a duba ko motar na da na'urar sauƙaƙa sitiyari. Ta Formula 1 na da ita. Ta Formula 2, matakin ƙasa da ita, da ta IndyCar ta Amurka ba su da ita, a can kafaɗa da damtse ke fara mutuwa kafin wuya.

Ɗan Gwammaja:

Allah ya saka da alheri, Malam da Hajiya. To ita motar fa? Nakan ji ana gaya wa direba ta rediyo ya rage gudu alhali yana neman wuce wani, sai 'yan gidan kallo su ce an sayar da tseren. Shin wannan na cikin abin da ake aunawa?

Ogan Ƙofar Ruwa:

Ba a sayar da komai ba, yaro. Mota ce ke neman ta dafu, aka ce ya lallaɓa ta. Kuma wannan babban ɓangare ne na wuyar tsere, don tuƙa mota da iyakar ƙarfi ya fi sauƙi a kan tuƙa ta da sauri kana kiyaye taya da birki da mai da zafin injin lokaci guda.

Ka duba tudun wurin. Filin birnin Meziko ya haura mita 2,200 sama da teku, Kano ba ta kai 500 ba. A can iska ta ragu da fiye da kashi ɗaya cikin biyar. Injin da ba shi da turbo, na'urar da ke cusa masa ƙarin iska, yana rasa kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 100. Mai turbo na cike gurbin, amma turbo ɗin sai ya ƙara juyi, ya ƙara zafi. Lagireto kuma da iska yake sanyaya ruwa, birki ma haka, faifansa na kaiwa digiri 1,000. Iska ta yi ƙaranci, komai ya ɗau zafi. Shi ne za ka ji an ce direba ya ɗaga ƙafa daga totur mita 50 ko 100 kafin wurin birki, mota ta gangara da kanta. Fukafukan da ke danne mota a ƙasa su ma da iska suke aiki. A Meziko ana sa manya irin na Monako, amma dannawar da suke bayarwa ba ta wuce ta Monza ba, mota na ta zamewa a hannu.

Sai kwalta. In mai kaushi ce kamar ta Bahrain tana cin taya, dole a tsaya sau biyu ko fiye. In sabuwa ce fil, man da ke cikinta bai gama fita ba, santsi gare ta. A Turkiyya a 2020 aka shimfiɗa sabuwa gab da tsere, ruwan sama ya zo a kai, manyan direbobi suna ta juyawa. In titin gari ne da motocin haya ke bi kullum, ranar Juma'a ƙura ce da mai, sai motoci sun shafa masa roba kafin ya fara riƙo, wurin birkin da ka koya jiya yau ya matsa. Gargada ma a lissafa ta. A Baku ta Azerbaijan a 2022 motocin na dukan ƙasa a miƙaƙƙiyar hanya, Lewis Hamilton da ƙyar ya fito yana dafe da baya.

Taya na lalacewa ta hanya biyu, kuma maganinsu kishiyar juna ne. In ƙasa ta yi zafi, cikin robar ya dafu, sai ta yi bororo, yanki ya ɓalle. Maganin shi ne a rage zamewa, a sassauta. In ƙasa ta yi sanyi, kamar Las Vegas da dare a Nuwamba, saman robar na yagewa ya dunƙule, mota ta ƙi karya kwana. A nan kuma matsalar ita ce tayar ta ƙi ɗaukar zafi, don tana son wajen digiri 100 kafin ta riƙe hanya. Saboda haka zafin kwalta za ka nema, ba na iska ba. Da rana tsaka kwalta na iya fin iska da digiri 15 ko 20.

Nauyi ma na canzawa. Tun 2010 aka hana ƙara mai a tsakiyar tsere, kuma daga 2019 zuwa 2025 mota na tashi da mai har kilo 110. Kowane kilo 10 na cin kusan sulusin daƙiƙa a zagaye. Motar da direba ya tashi da ita ba ita ce zai ƙare da ita ba, wurin birki na matsawa a hankali tun daga farko har ƙarshe.

In kuwa hasashe ya nuna ruwa, ka ajiye duk lissafin. Ruwa mai ƙarfi ma ya fi sauƙin sha'ani, don akan tsayar da tsere. Mugun shi ne rabi da rabi. Spa ta Beljiyam kilomita 7 ce a zagaye, ana iya tsuga ruwa a wannan gefe can kuma a bushe, babu tayar da ta dace da duka biyun. Ga feshin da motar gaba ke tayarwa, na baya ba ya ganin komai sai jar fitila.

Baban Sahara:

Duk abin da aka faɗa daidai ne ga masu zagaya fili ɗaya. Amma wanda ya kawo maganar Dakar a gidan kallonku ba shirme ya yi ba, sai dai ma'aunin can daban ne. Direban Formula 1 ya san kowace kwana kafin ya iso, ya bi ta sau ɗaruruwa a na'urar koyon tuƙi. Na Dakar bai taɓa ganin hanyar ba, kuma an hana shi zuwa dubawa.

Tun da aka fara a ƙarshen Disambar 1978 daga Paris, tseren ya sha ratsa Nijar ta Agadas da Tenere, dattawanmu da ke fatauci can sun san shi. An soke na 2008 saboda matsalar tsaro a Muritaniya, aka koma Kudancin Amurka daga 2009, tun 2020 kuma a Saudiyya ake yi. Mako biyu ne, kusan kilomita 8,000, hutun kwana ɗaya a tsakiya.

In za ka auna zangon yini ɗaya, ka fara raba nisan gida biyu: wanda ake ɗaukar lokaci a cikinsa, da wanda ake bi a titi don a isa wurin tashi ko a koma sansani. Mutane na mantawa da na biyun, alhali shi ke cinye barci. Zangon kilomita 400 na tsere na iya zuwa da wasu ɗaruruwa na titi, a tashi kafin asuba, a dawo bayan magariba. Sai ka duba irin ƙasar. Dutse na fasa taya, motocin manyan 'yan tseren kuma safaya biyu suke ɗauka, in ka fasa biyu kafin rabin hanya sauran tafiyar rarrafe ce. Tudun rairayi na buƙatar a rage iskar taya don ta baje ta hau, amma tayar da aka rage wa iska in ta shiga dutse ta tafi. Zangon da ya cakuɗa rairayi da dutse ya fi wanda yake rairayi zalla wuya. Lokacin shiga tudun ma da muhimmanci. Da safe rairayi na da ɗan tauri, inuwa na nuna maka inda tudu ya yanke. Da rana tsaka ya yi laushi, inuwa ta ɓace, sai mota ta faɗa gangaren da ba a gani ba, abin da ke karya bayan mutane ke nan.

Sannan wa zai buɗe hanya? Wanda ya ci zangon jiya shi ke fara tashi yau, babu sawun kowa a gabansa, sai littafin hanya da ake miƙa wa abokin da ke zaune gefensa yana karanta masa gab da tashi. Akwai wuraren da dole a bi ta kansu na'ura ta shaida, in ka tsallake ɗaya a ƙara maka lokaci. Na baya suna bin sawu, amma suna shan ƙura. Ka kuma duba ko zangon na cikin waɗanda ake kwana ba makanikai. A irinsa direba da abokinsa ke gyara da hannunsu, don haka wanda ya san mota ya fi mai zafin ƙafa.

Safari ta Kenya, da ta dawo gasar duniya a 2021 a yankin Naivasha, tana tsakanin Formula 1 da Dakar. Ana barin direba ya bi hanya sau biyu a hankali ya rubuta bayani. Amma akwai wata ƙura mai laushi da ke ɓoye ramuka ta toshe matatar iska, in ruwa ya sauka kuma ta zama taɓo nan take, bayanin da aka rubuta ya tashi a banza.

Malam Injiniya:

Baba ya kawo abin da ban taɓo ba, wato yawan abin da direba bai sani ba kafin ya tashi, kuma yana aiki har a fili mai zagaye. A makon da aka saba, atisaye uku ake yi, kowanne awa ɗaya. A makon da ke da gajeren tsere ranar Asabar, atisaye ɗaya ne tak. Katar ta 2023 irin wannan mako ce, ga sabuwar kwalta. Sabon direba a filin da bai taɓa bi ba, da awa ɗaya kacal, wuyarsa ta ninka ta wanda ya shekara goma yana zuwa. Shi ya sa ban yarda a ba fili maki ɗaya a ce ya shafi kowa ba. Wanda ya tashi a layin gaba iska mai kyau yake sha. Wanda ya tashi na 14 yana cikin gurɓatacciyar iskar motocin gaba, fukafukansa ba sa dannawa, taya da birki na ƙara zafi, ga cunkoson kwanar farko.

Inda zan ɗan saɓa wa Hajiya shi ne, ko a tsere mai zafi ka duba yiwuwar fitowar motar tsaro, wadda ke shiga gaban 'yan tsere ta rage musu gudu in an yi haɗari. Singafo ba ta taɓa rasa ta ba daga 2008 har sai 2024. Zagaye uku ko huɗu a bayanta na sauke bugun zuciya. Sai dai taya da birki na hucewa, iskar da ke shiga wa direba ma na raguwa, kuma sake tashi na daga cikin wuraren da aka fi yin karo.

Ɗan Gwammaja, ranar Juma'a ka nemi jadawalin lokutan atisaye na biyu, ka duba inda mota ta yi zagaye goma ko fiye a jere da taya ɗaya. In lokacin na ƙaruwa da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ko fiye a kowane zagaye, Lahadi tseren lallaɓa taya ne, aikin na kai ne. In lokacin ya tsaya cak, za a yi ta da ƙarfi daga farko har ƙarshe, sai ka koma kan hasashen zafi da danshi na daidai awar da za a tashi, ba na tsakar rana ba. Na Singafo ƙarfe 8 na dare ake tashi a can, ƙarfe 1 na rana ke nan a Kano.